Lambar Waya Ba Mutum Ba Ce

Kafin kowa ya iso ofis, Mai Rumbu ta riga ta zauna. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta gyara ɗan matashin da take tokare bayanta da shi, ta ɗiga maganin ido, ta runtse tana jira ya daina yaji, sannan ta kunna kwamfuta. Wurin zamanta na can lungu, bayan injin buga takardu, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Abin da take fara dubawa kullum ɗaya ne: ko ajiyar bayanan jiya ta kammala lafiya. In ta ga komai daidai sai ta yi hamdala a hankali, ta haɗa shayi, galibi kuma shayin yakan huce ba ta kai shi baki ba.

'Yan ofis ne suka laƙaba mata sunan, don ita ke kula da rumbun bayanai na manhajar da kamfaninsu ya gina wa wasu asibitocin yara masu sikila. Samarin ofis su ke gina abin da ido ke gani, maɓallai da launuka, baƙi su zo su yaba musu. Ita aikinta tsara inda kowane bayani zai zauna: jadawalin yara daban, na magunguna daban, na ƙarin jini daban, da yadda kowanne zai riƙe ɗan'uwansa don kada a nemi abu a rasa. Aiki ne da ba a tuna mai yinsa sai ranar da abu ya lalace. Ta daɗe a kansa har yaran da ta fara shigarwa sun yi gemu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, don ido ya gaza, baya ma ya ce ya gaji. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

Bara ne masu tsohon dandalin da manhajar ke zaune a kai suka sanar cewa za su rufe. Dole a kwashe komai a koma sabon dandali, kuma wa'adin ba mai tsawo ba ne. Duk wanda ya taɓa tashi daga gidan haya ya san ranar ƙaura ake ganin tarkacen da aka tara. Tarkacen nasu shi ne maimaici: nas ta ga layi ya yi tsawo, ta nemi yaro a kwamfuta ba ta gan shi da wuri ba, sai ta buɗe masa sabon shafi. Yaro ɗaya sai ka same shi sau uku. Manaja da samarinsa suka kawo shawara mai ma'ana, cewa a sabon tsari lambar waya ita ce shaidar kowane mara lafiya. Duk shafukan da suka yi tarayya a lamba da ranar haihuwa da sunan uba, a haɗe su wuri guda, a bar na baya-bayan nan.

Mai Rumbu ba ta yi musu ba. Ta ɗebi kwafin bayanan ta gwada tsarin a kai, yadda ta saba yi da kowace shawara, har da tata. An share maimaicin kuwa, sai dai adadin yaran ya ragu fiye da yadda ranta ya kwanta da shi. Ta shiga bin waɗanda aka haɗe ɗaya bayan ɗaya, tana matso da fuska kusa da allo, har ta iso kan wasu 'yan mata biyu. Lambar uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, uba ɗaya. Tagwaye ne, amma rukunin jininsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramar ta taɓa shan wuya da aka yi mata ƙarin jini, har likita ya rubuta gargaɗi a shafinta. Bayan haɗewa, ƙaramar ta ɓace gaba ɗaya, ita da gargaɗinta. Duk nas ɗin da ta neme ta nan gaba, jinin yayarta za ta gani.

Ta ɗauki kwamfutar ta tafi ofishin Manaja, ta ajiye masa a gaba. Ya duba, ya sake dubawa, ya dafe kai. Shi ma a gajiye yake, wayarsa ba ta daina ƙara ba tun safe.

"Anti, tagwaye nawa ne a duk asibitocin nan? Mu ware su mu gyara da hannu, mu wuce."

"Yallaɓai, ba tagwaye kaɗai ba ne. Lambar waya ba mutum ba ce. Gida guda na iya rataye a waya ɗaya, uwa kuma gobe ta yar da layi ta sayi wani. In muka kafa ginin a kanta, kullum muna cikin gyara da hannu, kuma ba kullum za a samu mai dubawa ba."

"Kin san abin da kike faɗa? Samarin nan za su warware rabin abin da suka gama."

"Na sani."

Ya ce, "Ki tsara yadda kike so. Amma ranar ƙaura ba ta motsi, ba a hannuna take ba."

Haka ta ɗauko wa kanta aikin mutum uku. Ta ba kowane yaro lambar kansa wadda ba ya tarayya da kowa a cikinta. Ta yi wa iyaye da masu riƙo jadawalinsu, ta yi wa lambobin waya nasu, sannan ta ƙara wani a tsakiya da ke cewa wane yaro ke hannun wa. Ta haka waya ɗaya na iya ɗaukar yara da yawa, yaro ɗaya na iya samun waya biyu, ba wanda ya hau kan wani. Samarin ofis suka kumbura. Wanda ke raha da ita ya daina, aka koma kiranta Hana Ruwa Gudu in ta ba da baya. Tana ji, kuma abin ya yi mata ciwo, don wasunsu ita ta koya musu aikin.

Tsarin ma bai isa ba. Kwamfuta ba ta san bambancin yaro da aka rubuta sau biyu da yara biyu masu kama ba. Duk shafin da ta yi shakka a kansa sai ta ware shi gefe, ta hau mota ta tafi asibiti, ta zauna a benci kusa da babbar nas suna kiran iyaye. Babbar nas ɗin ce ke ba da labarin wata mata da suka kira, Mai Rumbu ta ce, "Mama, don Allah yaranki nawa ke zuwa asibitinmu?"

Matar ta ce, "Na cikina ko na wayata? Na cikina ɗaya ne. Sauran na maƙwabta ne, ni kaɗai ke da waya mai caji a layinmu."

Nas ta ce ta yi dariya har da hawaye, ta waiga ta ga Mai Rumbu ba ta dariya, rubutu take yi, hannu ɗaya na riƙe da ƙugu.

A gida kuwa 'yarta ce ke shafa mata man zafi a baya, tana faɗa. "Umma, in kika karye su za su ɗauki wata washegari." Maigidanta ya ce ita kam ya ga alama kwamfutar ta aura, shi ɗan rakiya ne. Takan ce musu saura kaɗan, su kuma sun daina yarda.

Ranar ƙaura ta zo ta wuce kamar ba a yi ba. Ba abin da ya faɗi, ba wanda ya ɓace. A taron da aka yi bayan nan, an tafa wa sabon launin manhaja da saurin buɗewarta. Sunanta bai fito a bakin kowa ba, kuma wannan abin haushi ne, a faɗe shi yadda yake. Tana daga baya a zaune, ta tafa tare da kowa, ta koma lungunta.

Makon jiya babbar nas ta kira ta. An kawo yarinya a galabaice, ciwon ya tashi, jini ya yi ƙasa sosai. Uwar ta rikice, ba ta zo da kati ba, lambar wayarta kawai ta iya faɗa. Nas ɗin da ke bakin aiki sabuwa ce, ba ta san gidan ba. Ta buga lambar, sai yara biyu suka fito a allo, tagwayen nan, ta ɗaga kai ta ce, "Mama, wacce a ciki?"

Mai Rumbu ta ce, "Wacce ce?"

"Ƙaramar. Gargaɗin ya fito da ja, likita ya sa aka sake tantance jinin kafin a ɗaura."

"Yanzu fa?"

"An sallame ta. Da ƙafarta ta fita, tana rigima a saya mata balan-balan."

Waɗanda ke kusa sun ce ta ajiye wayar, ta cire tabarau, ta daɗe da tafin hannu a kan fuska. Ɗaya daga cikin samarin ya tashi ba tare da an sa shi ba, ya juyo da fanka ta fuskanci lungun.

Mai Rumbu, ke ce kika ƙi a taƙaita mutum ya zama lamba don a gama da wuri. Ke ce kika sha gori da ciwon baya saboda yarinyar da ba ki taɓa ganin fuskarta ba. Mai gini a inda ido ba ya kaiwa, sannu da aiki, sannu da gajiya. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya mayar miki da hasken idonki, ya sa abin da kika yi ya tsaya miki ranar da kike bukata.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, in aka ce ku haɗe layi biyu don sun yi kama, ku tsaya ku tambayi ko su waye a ciki. In akwai irinta a ofishinku, ku je ku gaishe ta yau, kada ku jira ranar sallama. Uwar tagwayen nan ba ta san da wata Mai Rumbu a duniya ba, ba kuma za ta sani ba. Ita dai ta san da safe tana shirya yara biyu zuwa makaranta.