Igiyar Gwauro a Ƙofar Gidanmu

Lokacin da na fara koyarwa a Birnin Kudu, Indiyawa ne ke riƙe da lissafi da kimiyya a makarantun gwamnati. Yawancinsu da iyali suka zo, za ka ga dogayen zannuwan matansu an shanya a bayan gidajen malamai. Mutum ɗaya ne ya zo daga shi sai akwatinsa, kuma shi aka ba ɗakin da ke jikin nawa. Dattijo ne siriri, ya ba hamsin baya, kullum cikin fararen kaya. Ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ko albasa ba ta shiga tukunyarsa. Daga wake sai shinkafa sai nono. Da farko na ɗauka rowa ce, daga baya na gane addini ne, shi mabiyin Hindu ne.

Abin da ya tsone wa mutane ido shi ne ba shi da mata. A ɗakin malamai an yi masa tarihi kala-kala. Wani ya ce matar ce ta gudu, wani ya ce ai da gani ka san ba lafiya. Wanzamin da ke mana aski ya taɓa ja na gefe, ya ce yana da wata saiwa da ko tsohon da ake juyawa a shimfiɗa ya sha sai ya nemi ƙarin aure, in kai wa maƙwabcina a asirce. Na ce ya ajiye saiwarsa, masu nema ba su ƙare ba.

Ni dai na tambaye shi da bakina wata rana muna zaune a baranda. Ya ce tun yana saurayi ya ɗauki alwashi a gaban malaminsa cewa ba zai kusanci mace ba har ya mutu, don ya tara ƙarfin jikinsa da na zuciyarsa wuri ɗaya ya yi bauta. Ya faɗi sunan abin da yarensu, birahmacariya, ya ce ba kowa ake ɗora wa ba, yawancin mutanensu aure suke yi su hayayyafa. Na saurare shi da ladabi. A raina kuwa na ce Allah na gode maka da ka sa aure sunna ne, don a lokacin ina tsakiyar angonci, ko kwana biyu aka tura ni Kano sai in ji duniya ta yi mini zafi.

Wata shekara hutu ya faɗo cikin azumi. Ya daɗe yana roƙona in kai shi ya ga shanunmu, don mutumin nan idan ya ga saniya fuskarsa har haske take yi. Sai na goya shi a babur muka nufi ƙauyenmu a ƙasar Gwaram, can wajen Farin Dutse, gidan Inna.

Inna ita ce mahaifiyata, ni ne autanta. Ina goye a bayanta mahaifinmu ya rasu, ya bar mata mu huɗu da 'yan shanu. Tana fita takaba zawarawa suka yi layi, don Inna ba baya ba ce wajen kyau. Ta kore su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba za ta kai 'ya'yanta agolanci ba, ba kuma za ta bar su a raba wa dangi kamar naman layya ba. An ce girman kai ne, an ce aljani ne ya aure ta, har liman ya yi mata nasiha. Ta ji, ta gode, ta ci gaba da tatsar nononta. Mu 'ya'yanta kuwa mun tashi mun same ta haka, kamar yadda muka sami rijiyar gidan, ba wanda ya taɓa tunanin abin da hakan ya ci mata.

Muna sauka ta aiko wa baƙo da kindirmo a ƙwarya, ta ce azuminmu bai hau kansa ba. Ya mayar da murfin faifai ya rufe, ya ce ba zai ci a gaban masu azumi ba, zai jira magariba tare da mu. Wannan ne ya fito da Inna zaure da kanta ta ga wane irin mutum ne. Ta zauna a bakin ƙofa, ni ina tafinta.

"Tambaye shi ina ya baro iyalinsa."

Na ba ta labarin alwashin a taƙaice. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Tambaye shi, lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Haba Inna, wannan ai ba tambayar da za a yi wa baƙo ba ce."

"Bakinka na ara, ban ari hankalinka ba. Tambaye shi."

Na tambaya ina sunkuyar da kai. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce lafiyarsa lau. Ya ce da a ce ba ya jin komai, da babu abin da ya bayar. Har yanzu akwai ranakun da yake fama, sai ya yi wanka da ruwan sanyi ya zauna da carbinsa har abin ya wuce.

Na fassara wa Inna amsarsa. Sannan ta ce, "To, azumi yake yi. Addininsa nasa ne, ni ba ruwana. Amma abin nan da yake yi, na san shi." Ta tashi ta koma ciki.

A garinmu akwai al'adar kamun gwauro idan azumi ya raba tsakiya. Masu igiya ne ke fitowa da ganga bayan la'asar, su bi gida-gida su zaƙulo duk namijin da ba shi da mata. A ɗaura masa igiya a ƙugu, a shafa masa toka a fuska, a rataya masa ƙasusuwa a wuya, a zaga gari da shi ana masa waƙar tsiya har ƙofar dagaci. Wasa ne, amma wasa mai cizo, don na san wanda kunyar ranar ta sa ya bar gari. Ni wallahi ko a mafarki ban kawo za su taɓa baƙo ba. Na manta cewa a ƙauye labari ba ya kwana.

Kwanansa uku a gidanmu muka ji ganga ta doso. Na leƙa, sai ga jama'a fal, shugabansu a gaba da igiyar kaba a kafaɗa, wani ƙaton mutum mai furfura da ya gaji sarautar igiya daga ubansa. A cikin taron na hango ɗalibanmu biyu da suka zo hutu, suna ta washe baki.  Idan aka ja dattijon nan da igiya, toka a fuska, kafin a koma makaranta labarin ya riga mu. Ba zai sake tsayawa gaban allo a ji maganarsa ba, kuma ni na kawo shi.

Na tare ƙofar zaure, na ce baƙo ne, ma'aikacin gwamnati ne, daga wata ƙasa ya zo.

Shugaban ya ce, "Malam, ko gwamna ne, in dai babu mata, igiya ce. Matsa mana, yamma na yi."

Aka bushe da dariya. Na waiwaya, sai na ga baƙona tsaye a bayana ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji yana murmushi. Ya ɗauka rawar maraba aka zo yi masa. Wannan murmushin ya fi komai ƙona mini rai.

Ban ji fitowar Inna ba, sai dai na ji an ture ni gefe. Ta tsaya a dokin ƙofa da mayafinta, hannunta duk garin gero.

"Sarkin igiya, kana azumi?"

"Ina yi mana, Hajiya."

"In an kira magariba za ka sha ruwa, ka shiga gidanka wajen matanka biyu. Ko ba haka ba?"

Ya ce haka ne, yana 'yar dariya.

"Gwaurayen da kuke kamawa, masu neman aure ne suka rasa, ko waɗanda halinsu ya kori mata. Wannan shi ya ɗaure kansa tun kafin ka gaji igiyar nan, har yau bai kwance ba. Igiyarka me za ta ƙara masa?"

Ya ce al'ada ce, kuma igiya in ta fito ba ta komawa haka nan.

Inna ta ce, "To, madalla." Ta haɗa hannayenta biyu ta miƙa masa. "Ni ma yau shekara ashirin da ɗoriya ba ni da miji. Kai shaida ne, don takalminka ya ƙare a ƙofar nan kana sintiri. Fara da ni, sai ka shiga ka ɗauko baƙona."

Mai ganga ne ya fara tsayawa. Sai wata tsohuwa daga bayan taro ta saki guɗa, dariya ta juya kan shugaban. Mutumin nan ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce, "Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ni ban isa ba." Ya juya da mutanensa suka nufi gidan wani mahauci da matarsa ta yi yaji.

Na yi karatu, na zauna da manyan mutane, amma ban taɓa jin alfahari irin na wannan yammacin ba. Ji na yi kamar in bi taron ina faɗa musu cewa ni ta haifa.

Da na fassara wa baƙon abin da ya faru, murmushin ya ɓace. Ya durƙusa zai taɓa ƙafafun Inna, yadda suke wa manyansu. Ta yi tsalle baya kamar ta ga kunama, ta ce in gaya masa ya tashi, Allah kaɗai ake wa haka, kuma kunu na kan wuta.

Da aka sha ruwa na shiga ciki na same ta ita kaɗai tana rarraba kunu a kofuna. Na tsuguna kusa da ita. Tambayar da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo ita ta fito.

"Inna, da wuya?"

Ba ta ɗago ba. Sai da ta cika kofin da ke hannunta, sannan ta ce, "Ban kai talatin ba lokacin da ubanku ya tafi. Kai da ka yi aure yanzu, kana ganin da itace aka sassaƙa ni?"

Ta miƙo mini kofin, ta ce in kai wa baƙo tun da zafinsa.