Wata Huɗu Ina Ɓoye Ciwon Sirdi

Edita, ina gaisuwa. A shekarun da ake kwaso ma'aikatun gwamnati daga Legas zuwa Abuja, ni matashiyar malamar firamare ce, shekarata biyu da aure, ban haihu ba tukuna, ga taurin kai da kowa a gidanmu ya shaida. Maigidana akawu ne a wata ma'aikata, sunansa ya fito cikin waɗanda aka ce su tattara su taho. Kafin mu iso manya sun gama rabe gidajen cikin gari, don haka muka kama ciki da falo a Karshi. Shi yana bin motar ma'aikata da sassafe, ni kuma aka tura ni wata makaranta a ƙauyen Gbagyi bayan tsauni, tafiyar fiye da awa ɗaya a ƙafa. Mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Sati uku na yi ina takawa, kullum sai an gama taron safe nake isa, har hedimasta ya fara yi min maganar cewa in ba zan iya ba akwai masu jiran gurbin.

To, na iya keke tun ina yarinya, don a barikin ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi, inda muke satar na babanmu idan ya kwanta hutun rana. Maigidana kuma yana da wani dogon baƙin keke da muka ɗauro a saman motar kaya tun daga Legas, yana jingine a bayan ƙofa. Na roƙe shi, ya yi dariya ya amince. Sai dai a lokacin surukata ta zo ganin sabon mazauninmu, da ta ji zancen ta ce sam, keke ba na mace ba ne, yana lalata mace, yana ma hana haihuwa. Ranar na fara ganin maigidana ya ja da mahaifiyarsa. Kansa a sunkuye, cikin ladabi, ya ce ta yi haƙuri ta bar ni in gwada, in har ya cutar da ni shi da hannunsa zai karɓe. Na ji daɗin maganar ƙwarai, ban san ita ce za ta ɗinke min baki ba.

Maigidana dogo ne, ni kuwa da ƙyar nake kai kafaɗarsa, kuma cikinmu babu wanda ya yi tunanin a sauke sirdin. Siririn sirdi ne na fata mai tauri, hancinsa a ɗage sama. Kafin ƙafata ta kai feda sai na miƙe yatsu na karkata dama, na karkata hagu, haka har makaranta a kan gargada. Saboda sutura nakan sa wando mai kaurin ɗinki a ciki, in ɗora fatari, in ɗaura zani. Amma wallahi ina jin daɗin hawan nan. Iska tana kaɗa min mayafi, matan da ke tafiya gona da kaya a kafaɗa suna ɗaga min hannu, na koma ni nake riga hedimasta zuwa.

Da farko idan na sauka sai in ji gabana ya sage kamar ba a jikina yake ba, zuwa can ya sake. Na ce rashin sabo ne. Daga nan wurin ya saɓule, tsarki ya zama azaba, sai ga kumburi ya taso ta gefen hagu. A nan na fara dabarun da suka ƙarasa ni. Na yanko soso daga tsohuwar katifa na naɗe sirdin, na rufe da leda saboda ruwan sama, na ɗaure da tsumma. Ashe tsawo na ƙara masa, ga leda tana tara zufa. Da yamma kafin maigida ya dawo sai in dafa bagaruwa in zauna a ciki da zafinta, yadda na ga ana yi wa masu jego, tunda a sanina duk ciwon da ya shafi wurin nan maganinsa kenan. Akwai ranar da na shafa man zafi. Edita, ranar sai da na ciji bakin zanina don kada maƙwabta su ji ihuna. A aji kuwa zama ya gagare ni, sai in wuni a tsaye ina zagaya yara, har hedimasta ya yaba min a gaban sauran malamai, wai su yi koyi da himmata.

Abin da ya fi damuna yanzu idan na tuna shi ne yadda na yi wa maigidana. Na san in ya ga wurin, alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa zai cika, keke ya tafi, aiki ya bi shi, kuma a ce ai dama an faɗa. Sai na shiga gudunsa. Yau kaina ke ciwo, gobe ina da littattafan yara da zan duba, jibi na gaji. Ko kayana na daina canzawa a gabansa. Ya tambaye ni sau biyu ko ya yi min laifi, na ce babu komai, kuma da faɗa na faɗa, don ciwo ya sa na zama mai saurin fushi. Daga nan bai sake tambaya ba. Mutumin da kan shigo da rake yana ba ni labarin ogansa har in riƙe ciki don dariya, ya koma ya ci abinci ya kunna rediyo kawai. Ina gani, ina jin tausayinsa, amma na zaɓi keken.

A wata na huɗu, wata ranar kasuwa, ina gangarowa wajen rafi taya ta daki dutse, na faɗo da dukan nauyina a kan hancin sirdin. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Wata dattijuwar Gbagyi mai sayar da doya, wadda kullum muke gaisawa a mashigar rafin, ita ta ɗaga ni. Ta ga jini da mugunya sun ɓata min zani, ba ta tambaye ni komai ba, ta ja ni bayan bukka ta ba ni nata na sama. Sannan ta je ta tsaya kusa da keken, sirdin ya kusa kai mata ƙirji. Da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji ta ce min, Malama, wannan kujera na oga ne, ba naka ba ne. Ta ce ta daɗe tana ganina ina rawa a kai, 'yarta ma tana hawa zuwa kasuwa amma nata iya ƙugu yake. Ta tsayar da motar doya aka kai ni asibiti.

Nas ɗin da ta duba ni ta yi salati. Ta ce maruru ne ya yi zurfi, dole aka tsaga aka matse, kuma ruwan zafi da man da na shafa sun ƙona fatar fiye da yadda sirdin ya yi. Ta yi min faɗa sosai, amma ta tabbatar min abin bai kusanci mahaifa ba. Da aka kira maigidana ya shigo, na juya fuskata bango na ce ya ɗauke kekensa, mahaifiyarsa ta yi gaskiya. Sai na ji ya ce alhamdulillahi. Haushi ya kama ni, ina kwance da ɗinki mutum yana godiya. Ya ce ba ciwon yake wa godiya ba, shi ya ɗauka na daina sonsa ne.

Sati uku na yi ban hau ba. A cikinsu ya zo da igiya ya auna daga ƙuguna zuwa diddige, ya ɗora keken a mota har Masaka wurin mai gyara. Aka sa faffaɗan sirdi mai waya a ƙasa, aka sauke shi daidai igiyar, aka kwantar da hancin. Ya ce aikin bai kai minti goma ba da sifana ɗaya. Tela ta ɗinka min wando mai laushi marar ɗinki a tsakiya. Shekara shida na ƙara ina hawan keken nan lafiya lau. Da na haihu surukata ta zo wankan jego, ta ga keken a tsakar gida, a kansa ma take shanya kayan jariri.

Yanzu na yi ritaya, mun gina namu a Karshi, jikoki suna cika mana gida, ba ni da abin cewa sai godiya. Tabon yana nan, lokacin sanyi yakan tuna min da kansa. Amma bara, ina neman takardun fanshon maigidana a tsohon akwati, na ci karo da wata wasiƙa da rubutun hannunsa da bai aika ba. Yana roƙon a mayar da shi ofishin Legas ko da za a rage masa matsayi, saboda iyalinsa ba ta jin daɗin Abuja kuma ta kasa faɗa masa. Na tambaye shi, ya ce ranar Litinin ya yi niyyar miƙawa, ni kuma na faɗo daga keken ranar Alhamis kafin nan.

Shi ya sa idan na ga 'yan matan yanzu ranar Asabar da hulunan kwano a kan siraran sirdi, nake so in tsayar da su. 'Yan'uwana mata, keke ba ya lalata mace, amma sirdin da ba a auna da jikinki ba zai ji miki ciwo. In wurin ya sage ko ya kumbura ki sauka, a gyara sirdin, ki je a duba ki, kada ki dafa komai ki zauna a ciki. Kuma ki faɗa wa wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ni na ɗauka jikina kaɗai nake azabtarwa da shiruna, ashe wata huɗu akwai bawan Allah a gefena yana neman laifin da bai yi ba.