Lemuel Nakoa, Mai Cafke Guga a Sama

Ranar Talata, tara ga Satumba, Haunani, matar Lemuel, ta kira ni daga garin Wahiawa: "Abokinka ya tafi, ɗan'uwa."

Lemuel, tare muka yi ƙuruciya a cikin jirgin saman soja, ƙofa a buɗe, teku a ƙasa. Tauraron ɗan'adam na leƙen asiri ya sako gugan fim ɗin hotuna da lema, mu kuma mu cafke shi da ƙugiya kafin ya faɗa ruwa. An hana mu sanin abin da ke ciki, kai kuwa Allah ya yi ka da tambaya. Kana shafa gugan kana cewa, "Garin wa muka ɗauko yau, Isamu?" Ni ko in ce, "Rufe bakinka, sarkin surutu, kada a ɗaure mu!"

Da taurari suka koyi aiko hoto ba guga, aka sallame mu. Ba ka yi fushi ba, ka koma kamun kifi, kana raba wa maƙwabta. Amma ba ka daina bin labari ba. Kai ka ce mini: da farko manyanmu ido suka kai sama, daga baya suka sa idon ya nuna wa bam hanya, yanzu kuma idon ma ake shirin tsonewa.

Da gwamnati ta saki tsofaffin hotunan da muka cafko, ka samo ɗaya. Kowa na kallon filin jiragen Rasha, kai kana kallon wani ƙauye a gefensa. Ka rataye shi a ɗakin girki. Abin da ya dame ka ɗaya ne: ko hannunka ya sa aka shafe mutanen nan?

Kana kwance a asibiti, jikarka Leimomi ta nemo wurin a wayarta. "Kaka, duba, ga shi nan, har sun yi sabuwar gada." Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "Ashe suna nan." Sai kuma ka tambaya, "Wane kifi ke cikin kogin nasu?"

Ban sani ba, abokina, kuma ina kewarka ƙwarai.

Allah ya ji ƙanka, ya ba Haunani da 'ya'yanku haƙuri. Ya cafke ka da rahamarsa, kai da ba ka taɓa bari guga ya faɗa ruwa ba.