Siraran Layuka a Kabarin Babana

Jikata ta miƙo mini wayarta, wai in ga haruffan da ta zaɓa wa allon shagon ɗinkinta. Kowane harafi gefe ɗaya kauri, ɗaya gefen siriri kamar gashin jariri. "Na 'yan gayu ne, Kaka. Kyau paa!" Na ture wayar. Bari ku ji dalili.

Ƙanen babana, Baba Ƙarami, mai fenti ne a unguwar Anloga ta Kumasi, shi ke rubuta wa motocin haya da shaguna suna. Buroshi biyu gare shi, babba da wani ɗan mitsitsi da yake murza bakinsa da yatsa kafin ya ja layi. Da babana ya rasu, shi ya rubuta sunan a farantin ƙarfe aka kafa a kabarin. Duk gwanintarsa ya zuba, layuka masu kauri da sirara, yana hawaye. Maza suka dawo suna yabon rubutun.

Damina ta zo ta tafi, wata ta biyo. Kun san ruwan Kumasi, ba ya wasa. Kakata, uwar babana, za ta koma arewa gaba ɗaya, motarta washegari. Ta ce ba inda za ta sai ta yi wa ɗanta sallama. Aka ce da ita mata ba sa shiga makabarta. Ta yafa mayafi, ta kama hannuna. Baba Ƙarami ya biyo mu.

Ciyawa har ƙugu, kaburbura sun baje. Muka tarar da faranti biyu dab da juna. Ruwa da tsatsa sun cinye siraran layukan, sai masu kaurin kawai a tsaye kamar turakun rusasshiyar rumfa.

"Wanne ne?" in ji Kaka.

Ya tsuguna yana goge ƙarfen da babban yatsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Mma, ki ɗan dakata."

"In dakata me? Ba hannunka ba ne?"

"Duka biyun hannuna ne."

Ta juyo kaina. "Ke, idonki sabo ne. Karanta."

Ni da tallan koko kaɗai na sani! Na zura wa turakun ido har suka fara rawa.

Hadari ya haɗo. Kaka ta shiga tsakanin kaburburan, ta yi musu addu'a tare. "Ɗayanku nawa ne," ta ce. "Ɗayan ma yana da uwa." Ba ta sake taka Kumasi ba.

Sai da furfura ta fito mini na shiga makarantar manya. Ina iya haɗa baƙi na koma wurin. Ko farantin babu.

Yanzu inji ke buga allo, babu mai murza bakin buroshi. Amma ruwan bai canza ba. Na ce wa yarinyar, "Sa masu kauri. Sunana aka ba ki, shi ne zai hau allon. Ina raye ruwa ba zai wanke shi ba."