Sheƙar da Yaya Tsahara Ta Ɗaure da Kaba

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Yaya Tsahara makwancinta, cikin kaka irin wannan, gero na tsaye a gona ana jiran ya ƙarasa bushewa. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye ni. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan bar Tasawa in tafi ƙauyenmu, can tsakanin Sarkin Hausa da Attantane, in zauna inda take zama a bakin tafki. Bana na je na dawo da ɓacin rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A garinmu tsuntsu iri biyu ne: wanda ake ci da wanda ake kora. Yaya ita kallonsu take yi. Da zarar damina ta fara ja da baya sai ta gama aikin safe da wuri, ta ɗauki mazari da audugarta, ta tafi tafkin da ke yamma da gari ta zauna a kan wani fasasshen turmi. Zaren da ta kaɗa a wurin nan duk tsawon rayuwarta ban ce zai isa ɗinkin hula ba. Takan ce kaka ita ce ranar kasuwar tsuntsaye. Shamuwa na shirin tafiya, kirinjijiya na sauka suna fito, zalɓe na tsaye cikin ruwa ba ya kula kowa, ga wasu ƙananan baƙi masu siraran ƙafafu da ba wanda ya san daga inda suke fitowa. Waɗanda ba su da suna a bakinmu ita ke raɗa masu. Akwai wanda ta sa wa Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, wai yana tafiya yana gyaɗa kai kamar ni a gaban allo, don lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko.

An ce iska ce ta taɓa ta, an ce zaman banza ne. Amsarta ɗaya ce: wanda ya taɓa tarar da tuwon gidanta bai sauka a kan lokaci ba, ya zo ya yi magana. Ba wanda ya zo.

Sai ga shekarar fari, zamanin da kaki ke mulki kuma magana ba ta wuce baki. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Ɗan abin da ya tsira a kwari, jan-baki suka sauko masa, ƙananan tsuntsayen nan masu tashi kamar hayaƙi, su tsiyaye zangarniya kafin mai gona ya juyo. Da yamma sai su kwana a itatuwan bakin tafki, bagaruwa da gawo da wata tsamiya. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ɓarna suke yi ta gaske, kuma gonar Yaya na cikin waɗanda suka share. Mijinta ya riga ya rasu, ita ke ci da 'ya'ya huɗu.

Umurni ya zo wa maigari daga Mayahi: a sare duk itacen da ke bakin tafki, tsuntsu ya rasa wurin kwana. Hukumar da ke cin mutum tara idan ya karya reshen gawo, ita ce yau ta ce a kwantar da kurmi gaba ɗaya. Ba wanda ya yi dariya a fili. Aka ce ranar Laraba soja za su zo su ga an yi.

To akwai wata al'ada tamu da ta girmi kowane umurni. Itacen da shamuwa ta yi sheƙa a kansa ba a sa masa gatari. Baƙuwa ce mai zuwa da damina, ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta, ba a rushe mata ɗaki. Tsamiyar nan da wani gawo guda suna da sheƙa, don haka kowa ya san su sun tsira. Sauran kuwa ba su da mai ceto. Har wasu suka fara cewa ai shamuwar ma ta tafi, sheƙa ba kowa, a haɗa duka. Ina wurin Yaya ta juyo ta dubi mai maganar.

"In kat tahi cin rani, ɗakinka rushe shi mukai?"

Washegari da rana tsaka, kowa na gani, ta sa aka ɗauko mata tsanin rumbu. Mace mai shekara arba'in da wani abu ta ɗaure zane a ƙugu, ta ɗora ƙirare a kai, ta hau bagaruwa. Ta jera ƙiraren a mararrabar reshe kamar yadda ta yi shekara da shekaru tana kallon shamuwa na yi, ta ɗaure su da jiƙaƙƙiyar kaba don kada iska ta watsar, sannan ta dama toka ta watsa a jikin reshen ya yi fari kamar kashin tsuntsu. Ta sauko ta ja tsani zuwa itace na gaba. Ni ke riƙe mata tsanin, kuma ban ji kunyar kowa ba. Ƙayar bagaruwa ta yayyaga mata hannu har jini na bin gwiwar hannunta. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka tsaya kallo, daga baya wata ta ajiye tulu ta fara miƙo mata ƙirare, wata ta tafi gida ta kawo toka. Maza suna wucewa suna kallon ƙasa. Kafin Laraba fiye da rabin itatuwan nan sun sami sheƙa.

Soja suka zo cikin babbar mota, da wani matashin laftana da ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa saninsa ba. Maza sun taru da gatura kamar yadda aka ce. Ya ɗaga kai ya bi itatuwan da kallo, ya matsa gindin wata bagaruwa ya daɗe yana duban sama. Ga kullin kaba nan a fili, ko makaho ya shafa ya san hannun mutum ne. Ya tambayi wa ya yi, Yaya ta taso daga kan turminta.

"Inna, tun yaushe shamuwa ta koyi ɗauri da kaba?"

"Tun shekarad da soja ya koyi noma, ɗana."

A zamanin nan an ɗaure mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Laftana ya ce a sare. Ba gatarin da ya tashi. Maigari, tsoho ne mai tsoron hukuma kamar me, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, mu dai sheƙa muka gani." Duk wanda ke wurin ya san ta ƙarya ce, da idonsa ya ga an yi ta. Amma hannu ya ƙi. Laftana ya juya ga sojojinsa, su ma 'ya'yan manoma ne, kowa ya sami abin dubawa a takalminsa. Ƙarshe aka sare waɗanda Yaya ba ta kai gare su ba, aka bar masu sheƙa, ita kuma aka sa ta a mota zuwa Mayahi.

Ta yi kwanaki a can tana daka wa masu gadi hatsi. Na bi ta da fura da zane, na tarar da ita a tsakar gidan tana kallon wasu hasbiyoyi a kan rufin kwano, ta ce da ni na nan ba su kai namu ƙiba ba. Da aka gaji da ita aka sako ta, ta dawo a bayan amalanke.

Kada wani ya ɗauka zan ce itatuwan nan sun kawo ruwa, ko sun hana yunwa. Yunwa ta zo ta yi abin da ta ga dama. An ci dusa, an ci ganye, rabin gari ya gangara Katsina da Kano, kuma mun binne yara, har da autar Yaya. Akwai waɗanda har suka mutu suna cewa da an sare duka da an tsira da dami ko biyu. Wataƙila haka ne. Garuruwan da suka sare nasu kaf dai ban ji sun ƙoshi ba. Abin da na sani shi ne, da bazara ta zagayo shamuwa suka dawo, biyu daga cikinsu suka sauka a kan wata bagaruwa, suka duba aikin Yaya, suka ƙara nasu ƙiraren a kai suka zauna. Ta kira ni ta nuna mani, haƙoranta duka a waje.

Me za ta ce da ta ga yau? Kaki ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa, wannan ba zai ba ta mamaki ba. Madubin hangen nesan da ɗana ya sayo mani kuwa da ta yi mani tsiya a kansa har in gaji, ta ce wanda zai iya zama shiru tsuntsu da kansa yake matsowa. Abin da zai ƙona mata rai shi ne kurmin. Itatuwan da laftana da bindiga ya kasa kayarwa, mu da kanmu muka cinye su ɗaya bayan ɗaya, ba umurnin kowa, sai masu motar itace da ke zuwa daga birni. Tsamiya na nan, gawo ya faɗi da tsufa, bagaruwa saura uku. Kirinjijiya sun ragu ƙwarai. Mushe dai har bana na gan shi, yana gyaɗa kai shi kaɗai a bakin taɓo.

Abin da ya ɓata mani rai bana shi ne, an yanka bakin tafkin an ba wani ɗan kasuwa zai gina wurin ajiye buhuna. Yaron kirki ne, jikan ɗaya daga cikin matan da suka miƙa wa Yaya ƙirare. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce tsamiya ba zai taɓa ta ba tunda akwai sheƙa, amma bagaruwan nan uku ba komai a kansu, bayan girbi zai sa a cire. Na yi fushi, amma a cikin fushin na ji daɗin abu guda. Yaron da ke da waya biyu a aljihu har yanzu yana ɗaga kai ya duba sheƙa kafin ya kira mai gatari.

Yaya Tsahara ba ta bar gona mai yawa ba, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, turmin ma gara ta cinye. Abin da ta bari shi ne wannan ɗaga kan, da kuma sanin cewa wani lokaci mutane na son su ƙi, sai dai suna jiran wanda zai fara hawa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ni yanzu na haura saba'in, gwiwata ta dama ba ta son matakala, 'ya'yana kuma sun ce kada in kuskura. Na ji su. Na dai sa an gyara tsanin rumbu, an canja masa igiya. Girbi saura kaɗan, toka ba ta wahalar samu, kaba kuma tun jiya take jiƙe a cikin kwarya.