Ranar da Baba Tukuna ya kayar da shawararsa

A rumfar kafintocin da ke bayan tasha, har yau ana tuna ranar da Baba Tukuna ya kayar da shawarar kansa. Shi ya ce a matsar da injin yankan katako bakin ƙofa don iska ta riƙa kwashe ƙura. Aka daɗe ba a zauna taro ba. Da shugaban rumfar ya taso da zancen, kowa ya ɗaga hannu, sai Baba ya gyara zama ya ce, "Tukuna." Ya tambayi ta inda za a shigo da katako, da inda mai saye zai tsaya, da wanda zai tare yaran unguwa daga bakin zarto. Ya yi gumi, ya ci nasara. Sai da aka watse aka tuna masa cewa shi ne mai shawarar.

Haka Allah ya yi shi. Matarsa ta daɗe da gano kansa, in tana son labule kore sai ta ce shuɗi. Kujerar da ya haɗa kuwa ba ta rawa, don sai ya yi gardama da kowace ƙusa.

Ƙa'idar rumfar ita ce ba a zartar da magana sai kowa ya yarda. Taro yakan kai har gam ya bushe a gwangwani. Matasa suka gaji, suka kawo shawarar a hutar da Baba daga zuwa taro, don girmamawa.

Abin ya taɓa shi. Bai da wurin da yake so kamar ƙarshen bencin nan da yake zama a taro. Ya dubi fuskokinsu, ya ga da gaske suke, sai ya riga kowa ɗaga hannu.

"Na yarda."

Sauran suka ɗaga nasu hannuwan, suna kallonsa.

"Baba, lafiya kuwa?" in ji mai fentin rumfar.

"Ƙalau, ɗana."

Mai fenti ƙanen matar shugaba ne. Nan ya tuna a taro na gaba shugaba zai nemi a tara kayan aikin kowa a akwati ɗaya, makulli a aljihunsa. Dole wani ya ce masa a'a ido da ido, ga Baba mai yin wannan aikin kyauta ana shirin sallamarsa. Ya sauke hannu a hankali, ya dubi shugaba.

"Yaya, ni dai ina ganin a ƙara dubawa."

Na kusa da shi ma ya sauke, ya shiga sosa ƙeya. Aka bar Baba shi kaɗai da hannu a sama, maganar ta mutu.

Yana nan a ƙarshen bencinsa. In suka tsokane shi da zancen injin, ba ya ko ajiye guduma.

"Wanda ya kawo shawarar nan bai yi tunani ba," yakan ce. "Ku kuwa har kun ɗaga hannu."