Fatar Dilar da Ta Raba Yaya Mamman da Bindiga

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai wana, Mamman, makwancinsa a Karakkai. Maharbin dila ne, ni kuma majemi ne a Damba cikin Gusau. Shi yake shiga dajin da ke tsakanin Bungudu da Tsafe ya kawo fata, ni in jiƙa ta da toka, in jeme da bagaruwa, in ɗinke inda harsashi ya huda. Dukawa da masu maganin gargajiya ba sa son fata mai rami, don haka nakan gyara bakin hujin da aska, in ɗinke ta ciki da jijiya, in kwantar da gashi a kai har sai ido ya kasa gano wurin. Ni bahago ne, ɗinkina karkacewa yake yi hagu, kuma ƙulli biyu nake rufewa da shi. Duk kasuwar fata an san hannuna.

Wata Laraba bayan azahar Yaya ya shigo majemata da ɗanyar fata a buhu. Bai zauna ba. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya juya cikinta sama, ya nuna bayan kafaɗa.

"Sani, wanga ɗinkin wane na?"

Na duƙa. Ɗinki bakwai ne, sun karkace hagu, ƙulli biyu a ƙarshe. Nama ya riga ya tsiro ya rufe rabin jijiyar, kamar raunin da ya daɗe da warkewa. Fatar kuwa jini bai gama bushewa a jikinta ba, da safiyar ranar ya feɗe ta.

Na ce, "Yaya, ƙila wani makiyayi ne ya tsince ta da rauni ya ɗinke."

Ya ce, "Makiyayi bahago, mai ƙulli biyu."

Dukanmu mun tuna da fatar wata macen dila da ya kawo bara waccan, mai huji a daidai wannan wuri. Ni na gyara ta, ni na miƙa wa mai saye a kasuwar Tsafe. Na nemi mai sayen daga baya, aka ce ya daina zuwa.

Yaya ya naɗe fatar ya tafi da ita, ya binne a gindin wata kanya. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar bindiga ba, ya koma noman dawa. Na yi fushi da shi ƙwarai, don abincina a hannunsa yake, muka yi damina guda ba ma gaisawa sai a wurin jana'iza. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni a lokacin kasuwa kawai nake hange.

Shekara biyu bayan haka zazzaɓi ya ɗauke shi. Da hantsi muka kai shi. Muna cikin tura ƙasa sai muka ga diloli uku zaune a bakin maƙabarta, rana a kansu, ba kuka, ba motsi. Ba wanda ya jefe su. Liman ya shafa fatiha, suka tashi suka shige ciyawa.

Yau dajin nan ba mai shigarsa sai masu bindigar da ba dabba suke nema ba. Ƙauyuka da dama sun tashi, an ce diloli na haihuwa a ɗakunan da mutane suka bari a buɗe. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Shi da ba ya harbin mai shayarwa, shi da yake bismilla kafin ya ɗana kunamar bindiga. Ni kaina fatun awaki nake jima yanzu.

'Yarsa Hadiza tana gidana da 'ya'yanta tun da hanya ta lalace. Kwanan baya na ba ta wannan labari, ina zaton ba ta sani ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba Sani, ba ɗinkin ad damuwarshi ba. Ya faɗa muna yana kwance. Ya ce tun kafin ya harba ya gane dilar. Ta tsaya ta dube shi kamar mai jiran ya yi magana, shi ko ya harba."

Har yau ban san abin da muka gani a fatar nan ba, Allah ne masani. Yaya bai bar gida na bulo ba, bindigarsa ma tsatsa ta cinye. Abin da ya bari shi ne wannan: mutum ne da ya ji kunyar dabba har ya canza rayuwarsa, a ƙasar da yanzu ake duban idon ɗan Adam a harba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mini daminar da na hana shi gaisuwa.